Shekarar Baje Koli

Ranar ɗaya ga Janairu ba a buɗe shago, saboda haka da hantsi Balkisu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidansu na Zongo a Wagadugu, ta ɗauko kayenta mai shuɗin bango, irin wanda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suke rubutu a ciki, ta buɗe sabon shafi. Shekara shida ke nan tana wannan aiki. Takan jera abu goma da ta yi niyyar cikawa kafin shekara ta ƙare, ta sa musu lamba, ta ja layi a ƙasa. Tara na farko sukan sauya: wata shekara rage sukari, wata shekara saukar Alƙur'ani sau biyu, wata shekara daina amsa waya a kan moto, wato babur. Na goma ne bai taɓa sauyawa ba: "In kai zayyanata wurin mai rini."

Zayyanar tana shafin ƙarshe na kayen. Ɓarin goro ne, ja da fari, a jere bi-da-bi a kan shuɗi, kowane ɓari yana fuskantar ɗan'uwansa, da siririn layi a tsakani kamar jijiyar ganyen da ake naɗe huhun goro da shi. Ta zana ta ne shekarar da kakanta ya rasu, mutumin da ya yi shekara hamsin yana fataucin goro. Tun daga lokacin take son ta ga adon nan a jikin yadi, mata sun ɗaura, yana yawo a titi. Ban da ita babu wanda ya taɓa ganinsa.

Ta rubuta lamba ta ɗaya ke nan moto ta tsaya a ƙofar gida. Nabila ce, ƙanwarta, wadda take karatu a jami'a, take zaune da ƙawayenta a unguwar Zogona. Ta shigo da hular kwano a hannu, ta durƙusa ta gaida Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta riƙe su tun suna ƙanana, tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa. Daga nan ta faɗo kan Balkisu suka haɗa goshi sau huɗu, dama da hagu, kamar yadda duk Wagadugu take yi a ranar.

"Bon ane, Yaya, barka da sabuwar shekara! Kai, kayen nan bai mutu ba har yanzu?"

Kafin Balkisu ta rufe shi, Nabila ta fizge, ta shiga juya shafuka tana karantawa da ƙarfi. "Sukari. Bara ma sukari. Gwaggo, kin ga ta rage?"

"Cokali uku ta zuba yau da safe," in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba.

"Bara, lamba ta goma, in kai zayyanata wurin mai rini. Bara waccan, lamba ta goma. Wace zayyana ce wannan da ta kasa tafiya da ƙafarta?"

Balkisu ta karɓe kayen ta danne shi da gwiwa. "Ba ruwanki."

"Yaya, wannan salon ya tsufa. Mu a ɗakinmu se fini, mun daina. Kalma ɗaya ake zaɓa, taken shekara. Ba ki yi alkawarin komai ba, balle ki karya. Duk inda kika zo mararraba, sai ki tambayi kalmar, ita za ta nuna miki hanya. Ni tawa Natsuwa."

"Ke?" in ji Gwaggo. "To Allah ya ba kalmar haƙuri." Ta ajiye farantin shinkafar. "Ku ji min yara. Mu da muka ga jiya, sai shekara ta wuce ake ba ta suna. Shekarar gobarar kasuwa. Shekarar ambaliya. Wa ya zauna ranar ɗaya ga wata ya zaɓe su? Abin da ya faru shi ke kawo suna."

Balkisu ta ce, "Amma Gwaggo, atamfa fa? Ai tun kafin a saya muke raɗa mata."

Wannan kuwa aikinta ne, duk layin masu yadi na bayan babbar kasuwa sun san ta da shi. In dila ta iso shagon Gwaggo daga Kano, Balkisu ce take warware turmi, ta dube shi, ta ba shi suna. Akwai wani turmi mai ruwan ƙwai da ya yi wata uku babu mai tayawa. Ranar da ta kira shi "Albashi Ya Fito", kafin Juma'a ya ƙare. Ta san abin da suna yake yi wa yadi: ba ya sauya zare ko rini, amma yana gaya wa mace inda za ta je da shi. Ba ta taɓa tunanin shekara ma za a iya yi mata haka ba. Ta ji abin ya shige ta nan take, har ta miƙe tsaye da bik ɗinta na rubutu a hannu.

Ta gwada Haƙuri, ta ga wannan tana da shi har ya yi yawa. Ta gwada Himma, ta ji kamar sunan makaranta. Sai ta tuna shagon. Darasin farko da Gwaggo ta koya mata, tana 'yar shekara goma sha biyar, shi ne ba a fara nuna wa mai saye mafi kyau. A nuna na farko ya ƙi, a nuna na biyu ya yi jinkiri, na ƙwarai yana ƙasan tebur sai ya juya zai tafi. Da wannan darasin aka gina gidan da suke ciki. Kuma da shi ne Balkisu ta tafiyar da kanta shekara goma sha bakwai: duk abin da ta fi so, ƙasan tebur yake.

Ta zauna ta soke lamba ta ɗaya, ta rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafin.

"Baje," Nabila ta karanta. "Baje me?"

"Koli."

Balkisu ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta ajiye kayen a buɗe a kan tabarma. Nabila ta duba, ta sake dubawa, ta saki ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Gwaggo ta leƙo daga inda take, ta ɗan jima, ta koma kan shinkafarta.

"Takarda ba yadi ba ce," ta ce.

Washegari tun ƙarfe bakwai Balkisu ta hau moto ta nufi unguwar Tiendpalogo, gidan Zuhura mai rini, wadda suka yi makarantar allo tare. Tafiyar da ta gagare ta shekara shida ba ta kai minti goma ba. Ta tarar da Zuhura a bayan gida cikin safar roba har gwiwar hannu, baho huɗu a gabanta, yadudduka a shanye a kan igiya suna ɗiga.

Zuhura ta cire safa ɗaya ta karɓi kayen da yatsa biyu. "Wa ya zana?"

"Ni."

"Ke Balki? Tun yaushe?"

"Shekara shida."

"Shekara shida! Da ɗa ne da an sa shi lakwal." Ta matso da takardar kusa da ido. "Zai yiwu. Hatimi biyu za a sassaƙa, maigidana zai yi. A buga kakin zuma a kan fari, a tsoma a ja, a sake buga kaki, a tsoma a shuɗi. Amma in gaya miki tun yanzu, shuɗi in ya hau kan ja duhu yake yi. Ba zai fito kamar na takarda ba."

"A yi. Yadi shida. Kuma ina son shi kafin Lahadi ta uku ga watan nan."

Zuhura ta dube ta, ta gane. A ranar ne ƙungiyar matan Zongo take taruwa gidan shugabarta, Hajiya Lailatu, don zaɓen ankon takwas ga Maris, ranar mata. Mace sittin, yadi iri ɗaya, su fito da shi gari ya gani. Shagon Gwaggo ne yake kawo samfuri duk shekara.

"Ashe da gaske kike," in ji Zuhura. "To je ki sayo farar shadda, kada ki tsaya kallona."

Makonni biyun da suka biyo baya Balkisu ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kalmar ta bi ta ko'ina. Ta gaya wa telan da yake mata ɗinki tun tana budurwa cewa hannun rigarsa yana matse ta. Ya ce me ya hana ta faɗa tun da can. Ta fito da kwanukan tangaran da mahaifiyarsu ta bari, waɗanda suke cikin akwati ana jiran baƙon da ya isa, ta zuba wa Gwaggo tuwo a ciki ranar Talata. Kullum in an tashi daga kasuwa sai ta biya Tiendpalogo. Ta ga hatimin farko, ta ce ɓarin ya cika zagaye, goro ba ƙwai ba ne, aka sake sassaƙawa. Ta ga yadin bayan tsomin farko, ja wur kamar an yi yanka, ta koma gida ba ta ci abinci ba. Zuhura ta ce in ta sake zuwa kafin Alhamis za ta sa ta wanke baho.

Ranar Alhamis aka tafasa shi, kaki ya narke ya fita, aka shanya. Shuɗin ya yi duhu kamar yadda Zuhura ta faɗa, ya ja zuwa launin makuba, kuma a kan duhun nan goron ya taso, jan kamar yanzu aka ɓare shi, farin kamar a ɗauka a ci. Balkisu ta zagaya igiyar sau uku. Sai ta kama Zuhura ta ɗaga ta sama da safarta da komai.

Da ta isa gida ta shimfiɗa shi a gaban Gwaggo. Tsohuwar ta sa tabarau. Ta murza gefen tsakanin yatsu, ta juya baya ta duba ko rini ya ratsa, ta ɗaga shi ga hasken rana, ta jiƙa yatsa da miyau ta goga ta duba yatsan. Sannan ta ninke shi da kanta, ninki huɗu, yadda take ninke kaya masu tsada.

"Wannan na ƙasa ne," ta ce.

A bakin Gwaggo Ladidi babu yabon da ya wuce wannan. Balkisu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi rawa ita kaɗai. Ranar Lahadi kuwa, da ta zo shirya jaka, ta sa yadinta a can ƙasa, ta ɗora wata koriyar atamfa a kai, ta ɗora wata mai ruwan toka a sama. Hannunta ne ya yi, ba ta ko yi tunani ba.

Tsakar gidan Hajiya Lailatu ta cika tun ƙarfe biyu. An jera benci da tabarmi, ana zagayawa da zomkom mai sanyi, ruwan gero da tsamiya, ana magana da Hausa da Mosanci da Faransanci a lokaci guda. Rabin matan sun ci kwalliya fiye da ta taron ƙungiya, don akwai biki a unguwar Paspanga ƙarfe huɗu, kuma Hajiya ce uwar biki. Ta ce a yi a gama.

Balkisu ta durƙusa a tsakiya da jakar, Gwaggo tana zaune kusa da ita, Nabila tana tsaye a baya da waya a hannu tana jiran ta ɗauki hoto. Zuhura ta samu wuri a ƙarshen benci.

Ta fito da mai ruwan toka. Aka yi tsaki daga ɓangare uku.

"Zaman makoki za mu?" in ji wata.

"Mayar, mayar, 'yar nan," in ji Hajiya.

Daidai yadda aka tsara. Balkisu ta ninke, ta fito da koriyar, ta warware yadi biyu a kan hannunta. Atamfa ce mai kyau daga Kano, kore da ɗigon zinariya, Gwaggo tana da ita dila guda. Aikinta a nan shi ne ta sa mata su yi jinkiri.

"Yaya sunanta?" wata ta tambaya daga baya.

Ba ta shirya mata suna ba. Ya fito ne kawai, kamar yadda yake fitowa kullum. "Mu Ma Muna Nan."

Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta maimaita sunan da Mosanci, aka fashe da dariya da tafi. "Wala! Shi ke nan!" "Ranar mata, Mu Ma Muna Nan, me ya rage?" Hajiya Lailatu ta duba agogon hannunta, ta ɗaga murya ta ce wa bai yarda ba. Babu wanda ya ɗaga hannu. Ta juya ga Gwaggo suka yi magana uku a taƙaice, Gwaggo ta ce, "Na sallama." Hajiya ta ɗaga tafuka, mata sittin suka ɗaga, aka karanta Fatiha aka shafa.

Duk abin bai kai minti biyar ba. Hannun Balkisu yana cikin jaka, yatsunta a kan ninkin yadinta.

Gwaggo ta dafa mata gwiwa, ta matsa kaɗan. Ba sai ta yi magana ba, darasi na biyu ne: in mai saye ya ɗauka, a rufe jaka. Wanda ya fito da wani kaya bayan ciniki ya faɗa, shi ya ɓata cinikinsa, kuma gobe ba wanda zai yarda an nuna masa na ƙwarai. Mata sun fara neman takalma. Nabila ta sauke wayar tana kallon yayarta, bakinta a buɗe. Zuhura ta sunkuyar da kai tana duban farcenta masu shuɗi.

Balkisu ta san abin da zai biyo baya, don ta sha yin sa. Za ta ja zif, a koma gida, yadin ya shiga akwati, a ce sai baɗi. Baɗi kuma ya zama lamba ta goma. Ta yi abin da Nabila ta ce a yi a mararraba: ta tambayi kalmar. Kalmar ba ta da amsa biyu.

"Gwaggo, ki gafarce ni," ta ce a hankali. Ta miƙe.

"Hajiya, minti ɗaya. Nabila, kama nan."

Ta zaro yadinta daga ƙasan jaka, ta ba ƙanwarta gefe ɗaya, ta ja da baya da ɗayan, tana ratsa mata, har yadi shidan ya miƙe daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure. Rana ta faɗa a kansa.

Surutun ya yanke daga gaba zuwa baya, kamar an bi layi ana kashe rediyo. Wata tsohuwa da ke kan tabarma ta miƙa hannu ta taɓa jan ɓari ɗaya.

"Goro ne," ta ce. "Wallahi goro ne. Har da jijiyar ganye."

"Daga ina wannan? Abijan?"

"Daga Tiendpalogo," in ji Zuhura daga ƙarshen benci, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "Bahona."

"Ni na zana," in ji Balkisu. "Shekara shida yana cikin kaye. Ban fito da shi don in ɓata ciniki ba. Kuskurena ne, na sa shi a ƙasa. Ina so ku gani ne kawai."

Sai wuri ya ɓarke. Mata suka yo kan yadin, kowa tana son ta riƙe gefe. "Wannan muke so!" "Ubana da goro ya zo garin nan!" "Kakana ma!" "A warware, Hajiya, a warware!" Wata ta ce wa Balkisu, "Ke kuwa 'yar nan, ranar wanka ake ɓoyon cibi?" Wata ta juya ga Gwaggo ta ce, "Ladidi, haka kuke mana duk shekara, ashe?"

"Duk shekara," in ji Gwaggo, ko gezau. "Kuma duk shekara kuna fita kuna kyau."

Hajiya Lailatu ta buga tafi sau uku aka yi shiru. Ta taso ta zo gaban yadin, ta dube shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Abu ya yi kyau," in ji Hajiya. "Ya fi koriyar, kowa yana da ido. Amma an shafa Fatiha. Ladidi, ke me kika ce?"

"Shekara arba'in ina kasuwa ban taɓa warware Fatiha ba. Ba zan fara a kan 'yata ba."

"Ni ma ba zan fara ba. Magana zarar bunu ce. Ankon bana kore ne."

Aka yi gunaguni, amma babu wadda ta yi musu. Balkisu ta gyaɗa kai. Mace sittin a titi ranar takwas ga Maris sanye da goron kakanta, abin da ta kwana tana gani mako biyu, ya wuce ke nan. Ta fara tattaro yadin.

"Tsaya," in ji Hajiya. Ta zare mayafinta mai duwatsu ta miƙa wa wata. "Kawo."

Ta karɓi yadi shidan, ta ninka shi biyu, ta yafa a kafaɗa, ta jefa gefe ɗaya baya yadda ya sauka har dunduniya. Ta juya hagu, ta juya dama.

"Fatiha a kan anko aka yi, ba a kan kafaɗata ba. Ku tashi, mun makara."

Guɗar da aka yi a lokacin ta fi ta farko. Nabila ta tuna da wayarta, ta bi Hajiya da gudu har ƙofar gida tana ɗauka, tana tsalle, tana kiran sunan yayarta. Zuhura, wadda ta ji labarin kalmarta wurin Balkisu, ta ce mata, "Ke ba Natsuwa kika zaɓa ba?" Nabila ta ce, "Tanti, shekara tana da tsawo!"

A hanyar gida Gwaggo tana bayan moton Balkisu, jakar a cinyarta. Da suka kusa shiga layinsu Gwaggo ta matso da baki kusa da kunnenta.

"Kin tona min asiri gaban mata sittin."

"Na sani, Gwaggo."

"Kuma ke kika ba koriyar suna. Da kin yi shiru da sun jira."

"Na sani."

"Hm," in ji Gwaggo. Iyakarta ke nan.

Litinin da safe, ba su gama ɗaga ƙofar shago ba mata uku suka tsaya, biyu Mosawa, ɗaya Bahaushiya daga Paspanga, duk ba 'yan ƙungiya ba. Bahaushiyar ta nuna hoto a waya: Hajiya Lailatu a tsakiyar biki, goro ja da fari a kafaɗarta.

"An ce a nan ake samun Bayan Fatiha."

Balkisu ta ce, "Ake samun me?"

"Bayan Fatiha. Haka uwar biki ta kira shi, har labarinsa ta ba mu. Duk wurin abin da ake tambaya ke nan."

Gwaggo Ladidi ta zauna a kujerarta ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Mai raɗa wa kayan mutane suna, ga naki an raɗa miki. Ban gaya miki ba? Abin da ya faru shi ke kawo suna."

"Da ban raɗa wa shekarar ba, Gwaggo, da yana ƙasan jaka har yanzu."

"Ji ta da baki. Sallami mutane."

Babu ko ƙyalle da za a nuna, yadin yana wurin Hajiya, kuma alamu sun nuna ba zai dawo ba. Balkisu ta zaro kayen daga jakarta, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ajiye a saman tebur. Ta gaya musu gaskiya: shuɗin zai fi haka duhu, aikin hannu ne, kowane turmi sai ya ɗauki kwanaki, kuma wanda ya riga zuwa shi zai riga samu. Matan suka ce sun ji. Kafin azahar wasu biyar suka zo. Ta kira Zuhura, Zuhura ta ce a ba ta zuwa Asabar ta nemo baho biyu da ƙanwarta.

Da la'asar Gwaggo ta sa aka kawo mata sanda mai ƙugiya. Ta miƙe da kanta ta sauke atamfar da ke rataye a igiyar gaba, wadda duk mai wucewa yake fara gani, ta ninke ta ajiye.

"Me za a rataya a nan?" in ji Balkisu.

"Na farko da ya fito daga baho."

"Gwaggo, ke kika ce na ƙasa ne."

"Na ƙasa ne. Amma duk gari ya riga ya gani, me zan ɓoye?" Ta jingine sandar. "Shekara ɗaya na ba ki. In ta ƙare, mu koma kasuwanci irin na mutane."

Balkisu ta miƙe. Ta ɗauki tsumma ta hau benci, ta goge igiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.